Kwanaki da harshe: abu biyu da miji ba zai iya biya wa matarsa ba

Ranar da maganar zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ta zauna mini sosai, a ɗakin Gwaggo muke a Ƙofar Marusa cikin Katsina, bayan La'asar. 'Yarta da ke aure a Ingila shekara shida ke nan ta zo ganin gida. Ta zaro fasfonta daga jaka, tsoho da sabo an haɗe su da roba, ta ajiye a kan tabarma ta ce, "Yaya, don Allah zo ka taya ni lissafi, kaina ya ɗaure." Muka riƙa buɗe shafi bayan shafi muna bin hatimin jami'an shige da fice na filin jirgin Kano da na Abuja, tana faɗa ina rubutawa a bayan wani tsohon katin biki. Wannan hatimin na goyon ciki ne da wankan gida, kwana 180. Wancan na rasuwar mahaifinta ne, ta zo tun yana kwance ta zauna har aka yi arba'in, kwana 70. Ga bikin ƙanwarta, kwana 42. Ga aikin Hajji, kwana 40. Da muka haɗa sai ga 332. Dokar Birtaniya kuwa 270 ta yarda mutum ya yi a waje cikin shekara ukun ƙarshe, in yana neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure.

Gwaggo tana gefe tana jan carbi, ta ɗago ta ce, "Ikon Allah. To ba mijinta ya riga ya zama ɗan ƙasar ba? Ni na ɗauka tunda aka ɗaura aure shi ke nan, inda ya shiga nan ta shiga."

Abin da Gwaggo ta faɗa shi ne abin da yawancinmu ke ɗauka, kuma ba don rashin hankali ba ne. Haka muka taso muka gani. Bakatsine ya auro Bazazzagiya ko Basakkwaciya, garinsa ya zama garinta, ba mai tambayarta takarda. Amma a dokar ƙasashen da 'yan'uwanmu ke zuwa aiki da karatu, aure ba ya mayar da kowa ɗan ƙasa. Iyakarsa ya rage tsawon jira. Bayan ragin sai sharuɗɗa, kuma in ka zauna ka dube su ɗaya bayan ɗaya za ka ga kashi biyu ne. Akwai waɗanda maigida zai iya ɗauke wa iyalinsa: albashin da ake so ya nuna, gidan zama, kuɗin takardu, cike fom, lauya in ta kama. Akwai kuma guda biyu da dukiyarsa da matsayinsa ba sa taɓa su. Jikinta ne zai kwana a ƙasar adadin kwanakin da aka ƙayyade, bakinta ne kuma zai amsa tambayar mai jarrabawa. Damuwata ita ce yadda muke tafiyar da gidajenmu, da kyakkyawar niyya, yakan cinye waɗannan abubuwa biyu ba tare da kowa ya lura ba.

Ina cewa "mata" ne saboda a nan Katsina galibi namiji ne ke fara fita, likita ko malamin jami'a ko injiniya, daga baya ya ɗauki iyali. Amma a can dokar ba ta bambanta ba. Mijin da ya bi matarsa ma wannan ma'aunin za a auna shi da shi.

A Birtaniya tafiyar tana da zango-zango. Matar da mijinta ɗan ƙasa ne takan shiga da bizar aure, ta zauna kimanin shekara biyu da rabi, ta sabunta, ta sake wasu biyu da rabi. In shekara biyar ta cika sai ta nemi izinin zama na dindindin. Kafin ma a ba ta bizar farko sai mijin ya nuna yana samun aƙalla fam 29,000 a shekara, adadin da aka ɗaga daga 18,600 a watan Afrilun 2024. Wanda ba ya auren ɗan ƙasa, in ya samu izinin dindindin sai ya ƙara jiran wata 12 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, kuma shekara biyar za a duba masa. Matar ɗan ƙasa an ɗauke mata wannan jiran, shekara uku kuma kawai za a duba. Ragin ke nan da aure ya kawo.

Cikin waɗannan shekaru uku ne ake ƙirga kwanaki. Kada fitarta ta haura kwana 270 gaba ɗaya, kada kuma ta haura 90 a cikin wata 12 na ƙarshe. Akwai na uku wanda yake kama mutane da yawa don ba ya zuwa a rai: ranar da hukuma ta karɓi takardar neman, in aka koma baya shekara uku cif, dole ne ya zama a wannan ranar tana cikin ƙasar. Wato in ta miƙa takarda ranar 10 ga Yunin bana, a duba a ga ranar 10 ga Yuni shekara uku baya tana Katsina wajen suna, to an samu matsala ko da sauran lissafinta ya yi daidai. Jami'i yana da damar kawar da kai in kwanakin sun ɗan gota, amma alfarma ce wannan, ba a gina shiri a kanta. Kuɗin neman ya haura fam 1,500, in aka ƙi kuma ba ya dawowa.

Yanzu dubi kalandar macen Bahaushe. Haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi mata wanka, ta sha kunun kanwa, a gasa ta har arba'in, sau da yawa ma a ƙara mata wata biyu ko uku don ta murmure. Rasuwar uba ko uwa ba a zuwa a yi kwana uku a juya. Bikin ƙanwa, ita ce babbar ya, da ita za a yi jere. Azumi kowa na son ya yi shi a gida, ga Umara, ga Hajji. Ba ɗaya a cikin waɗannan da za a kira yawo, zumunci ne da ibada. Sai dai kwamfutar da ke ƙirga kwanaki ba ta san dalili ba, fita kawai ta sani. Mijin kuwa da yake aiki ya ɗaure shi, mako uku yake yi ya koma, shi ya sa bai taɓa cin karo da wannan bango ba, bai kuma san yana nan ba sai da matarsa ta zo kansa.

Da na yi wa Gwaggo wannan bayani sai ta yi shiru, can ta ce, "To ke nan zuwa gaishe ni ma laifi ne?" Maganar ta taɓa ni, don ba ta da wata 'yar da ta kai wannan kusanci da ita. Na ce mata ba laifi ba ne, lissafi ne, kuma lissafin yana tafiya. Shekara ukun da ake dubawa kullum daga ranar miƙa takarda ake ƙirga su a koma baya, saboda haka kowace tafiya tana da ranar da za ta fita daga lissafi. In ta yi haƙuri har wata shidan nan na wankan gida ya faɗa bayan shekara uku, kwanakinta za su sauko ƙasa da 270 da kansu, muddin ba ta tara wasu sababbi ba. Muka ɗauki kalanda muka nemo watan. Zuwan da ta yi na wannan karon, wanda ta shirya wata biyu, aka mayar da shi mako uku. Gwaggo da kanta ta ce in Allah ya kawo wani rabon, ita za ta je ta yi mata wankan a can, tunda bizar ziyara tana ba mutum damar zama har wata shida. A ganina wannan ita ce mafita mafi sauƙi ga gidaje da yawa: a shekarun da ake ƙirga, uwa ta je maimakon 'ya ta zo.

Akwai wani abu a kan haihuwa a gida da ya kamata iyaye su sani. Ɗan da aka haifa a Katsina, ubansa kuma ya riga ya zama ɗan Birtaniya ta hanyar zama a can, shi ma ɗan Birtaniya ne, amma ta gado. Irin wannan ba ya miƙa ƙasar kai tsaye ga nasa 'ya'yan in su ma a waje aka haife su. Ƙanensa da aka haifa a Landan ko Manchesta ba shi da wannan ƙaidi. Abu ne da ba zai bayyana ba sai bayan shekara talatin.

Amurka tana da nata ƙirgen. Mai katin zama na dindindin, wanda ake kira girin kad, shekara biyar yake jira. Matar ɗan ƙasa uku, da sharaɗin suna zaune tare a matsayin ma'aurata duk tsawon shekarun ukun, shi kuma ya kasance ɗan ƙasa tun farkonsu. Cikin wata 36 ɗin dole ta yi aƙalla 18 a cikin ƙasar. Amma abin da ya fi kama namu shi ne tsawon tafiya guda. In ta yi fiye da wata shida a waje a zuwa ɗaya, hukuma za ta ɗauka zamanta ya yanke, sai ta kawo hujjar cewa bai yanke ba. In ta cika shekara, ya yanke, katin kansa ma yana cikin haɗari. Ka ga wankan gida na wata bakwai a nan ya fi tafiya uku ta wata bibbiyu illa, ko da jimillar kusan ɗaya ce. Jamus tana neman shekara uku na zama da shekara biyu na aure. Faransa, wadda ta fi shafar 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, shekarun auren ta fi dubawa: huɗu, ko biyar a wasu yanayi, kuma zaman auren ya kasance bai yanke ba.

Me ya sa suka nace a kan kwanaki? Saboda takardar aure abu ce da ake iya samu cikin yini ɗaya, su kuma sun daɗe suna fama da auren biza. Ba su da hanyar leƙa zuciyar mutum su ga ko ya ɗauki ƙasar gida, sai suka koma ga abin da ake iya ƙirgawa. Ban ce ma'aunin adalci ne a kowane hali ba. Matar da ta zo jinyar mahaifinta ba ta rage komai a cikin niyyarta ta zama ba. Amma ma'aunin a rubuce yake, kowa na iya karanta shi tun ranar da ya sauka daga jirgi, wanda ya san shi da wuri kuma ba zai sha wahalarsa ba.

Maganar harshe ta fi ta kwanaki nauyi a wurina, don kwanaki haƙuri yana gyara su, harshe kuwa zama kawai ba ya kawo shi.

Turai tana auna iya harshe da matakai shida, daga A1 na mai koyon gaisuwa har C2 na gwani. Birtaniya ta jera su a kan hanyar matar aure kamar tsani: A1 kafin a ba ta bizar farko, A2 lokacin sabuntawa, B1 kafin izinin dindindin da zama 'yar ƙasa. Jarrabawar ta magana ce da saurare, a cibiyar da hukuma ta amince da ita. Ban da ita akwai jarrabawar sanin rayuwar ƙasar, tambaya 24 cikin minti 45, sai an ci 18. A watan Mayun 2025 gwamnatin ƙasar ta fitar da takardar manufa da ke neman ƙara tsaurara sharaɗin Turanci, Faransa kuma ta ɗaga nata daga B1 zuwa B2 daga farkon 2026. Jamus tana neman B1 a Jamusanci da jarrabawa mai tambaya 33 da ake so a ci 17. A Amurka jami'i ne zai zauna da ita ido da ido, ya yi mata tambayoyi da Turanci a kan abin da ta cike, ya sa ta karanta jimla ta kuma rubuta jimla, sannan tambayoyin tarihi da tsarin mulki. Ga waɗanda suka miƙa takarda daga 20 ga Oktoban 2025, ana zaɓo har 20 daga cikin tambayoyi 128, a ci 12. Galibi sama ake yi, ba ƙasa ba. Wanda ya ji ƙa'idar a bakin abokinsa da ya yi tasa shekara takwas baya, ya koma shafin hukumar ya karanta ta yau.

Abin da ke ba mutanenmu mamaki shi ne, duk da Turanci ne harshen gwamnati a Najeriya, Birtaniya ba ta sa mu cikin jerin ƙasashen da ta ɗauke wa jarrabawa ba. Sakamakon WAEC ko NECO ba ya tsaya wa kowa. Digirin jami'a da aka yi da Turanci yana iya tsayawa, amma sai hukumar tantance takardun karatu ta can ta tabbatar da shi. Waɗanda aka ɗauke wa gaba ɗaya su ne masu shekara 65 zuwa sama da masu larurar da likita ya shaida. A Amurka wanda ya kai shekara 50 kuma ya yi 20 da katinsa, ko ya kai 55 ya yi 15, an yafe masa Turanci. Amaryar da ta tafi tana da shekara ashirin da biyu ba ta kusa da ko ɗaya.

'Yar Gwaggo ta ba ni labarin yadda nata ya kasance, na kuma tabbata labarin gidaje da yawa ne. Ta gama sakandare a nan da sakamako mai kyau a Turanci, A1 bai ba ta wahala ba. Ta isa can cikin hunturu. Mijin yana fita asibiti tun duhu, ya dawo da duhu. Shi ke cefane, shi ke amsa waya, in za ta ga likita shi ke yi mata tafinta. Ita kuma tana cikin gida da wayarta, saƙon murya na WhatsApp daga ƙawaye da 'yan'uwa, wa'azi da Hausa, fim da Hausa. Ranar Asabar a ziyarci wani gidan Hausawa. Ta ce mini, "Yaya, wallahi na yi shekara biyu a Ingila, Turancin da na tafi da shi ma raguwa ya yi." Da lokacin sabunta biza ya zo ta shiga jarrabawar A2, mai jarrabawar ta yi mata tambaya a kan yadda take zuwa kasuwa da abin da take saya. Ta gane tambayar sarai, amma ba ta taɓa yin abin ba balle ta ba da labarinsa, bakinta ya yi nauyi. Ta faɗi. Ga wa'adin biza yana matsowa.

Mijin nan mutumin kirki ne, ba kulle ya yi mata don mugunta ba. Gani yake yana hutar da ita, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi: namiji ya fita ya nemo, mace ta zauna cikin rufin asiri. A Katsina wannan gata ne, domin in maigida ya fita akwai maƙwabta, akwai dangi, akwai yaran aike, duniyarta cike take da mutanen da ke jin harshenta. A can kuwa wannan gatan shi ne ke mayar da mace kurma a tsakiyar gari. In yaro ya shiɗe da tsakar dare mijin yana wurin aiki, ita za ta kira motar asibiti ta faɗi adireshi. In makaranta ta aiko takarda, ita za ta karanta. Tun kafin a zo maganar fasfo, wannan kaɗai ya isa dalili. Abin da ya fitar da ita shi ne ajin koyon Turanci na manya a wata kwaleji kusa da su, safiya biyu a mako, da kuma shawarar da suka yanke cewa daga ranar ita ce mai cefane, ita ce mai shiga bas, ita ce mai kiran asibiti. Wata huɗu ta sake zama ta ci. B1 kuma da ta zo, a zama ɗaya ta wuce.

Da iyaye za su ji tawa, da zarar an sa rana da wanda ke zaune a waje, a cikin kuɗin da ake warewa na gado da kujeru da kayan kicin da ba za su ma shiga jirgi ba, a cire na malamin da zai zauna da yarinya wata shida suna magana, magana ta baki ba nahawun allo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi kuma ango a tambaye shi ƙarara, a gaban waliyyi, ko zai bar ta ta shiga aji.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan shi ne, har ranar da mace ta samu izinin kanta, zamanta a ƙasar rataye yake a wuyan auren. A Amurka in aure ya mutu, ko mijin ya rasu kafin ta yi rantsuwa, ragin shekara ukun ya tafi, ta koma layin shekara biyar. A Birtaniya in aka rabu tana kan bizar aure, tushen zamanta ya rushe, sai dai akwai hanya ta musamman ga wadda mijinta ya rasu da wadda aka ci zarafinta a gidan aure. Matar da ba ta jin harshen ba za ta ma san waɗannan hanyoyi suna nan ba. Sai maganar kishiya, wadda ba a son tayarwa amma dole a faɗa. Birtaniya ba ta ba mata ta biyu bizar aure in ta farko tana can a matsayin matarsa. Jamus ba ta ba mai mata fiye da ɗaya takardar zama ɗan ƙasa, Faransa da Amurka ma suna hana mutum saboda haka. Wanda ya ɓoye aurensa na gida a kan fom, ƙarya ya yi wa hukuma, kuma ƙasar da aka samu da ƙarya ana iya ƙwace ta ko bayan shekaru. Shi ma auren farkon yana bukatar takarda. Ɗaurin aurenmu na masallaci, da waliyyi da shaidu da sadaki, ingantacce ne, amma ofishin jakadanci shaidar da ke rubuce yake karɓa, gara a karɓe ta a makon bikin da a zo ana nemanta bayan shekara biyar.

To mu fa a gida? Ba sai an je Turai ba, wannan magana tana bakin ƙofarmu. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya, ko daga Daura zuwa Damagaram ta Kwangwalam, tafiyar 'yan sa'o'i ce. Gidan sarautar Katsina na dauri ne ya kafa Maraɗi bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinta. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa ta tsakiyar dangi ne. Da wuya ka samu zuri'a a Jibiya ko Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure da ba ta da suruka daga hayin.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya yi wa irin wannan mata sauƙin da babu shi a Turai. Sashe na 26 ya ce matar da ke auren ɗan Najeriya, ko ta taɓa aurensa, tana iya zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista in shugaban ƙasa ya gamsu da abu uku: tana da halin kirki, ta nuna niyyar zama a Najeriya, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Kundin bai ɗora mata adadin shekaru ba, bai ɗora mata jarrabawar harshe ba, kuma da ya ce "ta taɓa aurensa" ya haɗa da bazawara da wadda mijinta ya rasu. Sashe na 28 bai tilasta mata barin ƙasar da take 'yarta ta haihuwa ba, Nijar ma tun gyaran dokarta na 2014 ta yarda da riƙe ƙasa biyu. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke karɓar takardun.

Sai dai kusan ba mai yi. Na san wata dattijuwa a Daura da aka kawo ta daga wani ƙauyen Damagaram tana budurwa, yau tana da jikoki fiye da goma. Hausarta ta Daurawa ce tsaf, ita ake kira rabon faɗa a unguwa. Da 'ya'yanta suka tashi biya mata Hajji aka zo maganar fasfo, babban ɗanta ya ce, "Inna, a ina za a rubuta an haife ki?" Ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, shekara arba'in ina shara a gidan ubanka, yau kake tambayata daga ina nake?" A Turai mace tana da takarda ba ta da harshe. Ita wannan tana da harshen, tana da kwanakin da suka ninka abin da kowace ƙasa ke nema, takardar ce babu, domin ba wanda ya taɓa jin ta baƙuwa balle ya tuna akwai abin cikewa. Abin da aka saba yi a irin wannan hali kowa ya sani: a je wurin mai unguwa, a karɓo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, a rubuta wani ƙauye na wannan gefen. Yana wucewa, amma bayanin ƙarya ne a takardar gwamnati, alhali ga halastacciyar hanya a buɗe. Lambar NIN ma da wasu ke dogara da ita ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida shi ma ana ba shi.

Da can ana iya cewa me za a yi da takarda. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba kowa damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, a aikace ma ba mai ƙirgawa. Amma mun ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mun ga an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanensu suna zirga-zirga har sai an ji sanarwa ta gaba, wato abin da a da yarjejeniya ce ta ba su, yanzu lamuni ne. Matar da aka auro daga hayi ta fi bukatar takardarta yau fiye da kowane lokaci tun samun 'yancin kai.

Inda kundinmu ya gaza shi ne wajen namiji. Sashe na 26 mace kaɗai ya ambata. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya, aurensa bai rage masa ko kwana ɗaya ba, sai ya bi sashe na 27 kamar kowane baƙo: shekara 15 a jere, ko wata 12 a jere kafin nema tare da jimillar shekara 15 cikin 20 da suka gabata. Sannan gwamnan jihar da yake zaune ya shaida cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu. Nijar ta riga ta gyara nata a 2014, mace tana iya ba mijinta ƙasa. Mu kuwa da aka kawo ƙudurin gyaran gaban Majalisar Tarayya ranar 1 ga Maris 2022, cikin ƙudurorin da suka shafi mata, bai samu ƙuri'un da ake bukata ba. Ban ga hujjar da za ta sa ɗan'uwana ya iya ba matarsa ƙasa, 'yar'uwata kuma ta kasa ba mijinta ba, alhali sashe na 25 ya riga ya ce 'ya'yansu duka 'yan Najeriya ne ta haihuwa, ta uwa ko ta uba.

Akwai wani mai sayar da hatsi daga Maraɗi da ke auren 'yar unguwarmu. 'Ya'yansu huɗu, duk a nan aka yanke musu cibiya, duk 'yan ƙasa ne, uwarsu ma haka. Shi kaɗai ne baƙo a gidan da yake ciyarwa. Bana shekararsa tara a Katsina, saura shida kafin doka ta ba shi damar ko miƙa takarda.